Maƙerin da Aka Mayar Bahago

Shekara goma sha tara Mai Majigi ya yi yana kula da injinan haska hoto guda shida a gidan baje kolin tsofaffin hotuna. Tun ba a buɗe ƙofa ba yake isowa. Ya hure ƙurar gilashi, ya kara kunne ya ji ko fanka na juyawa daidai, ya duba ƙwan fitila, sannan ya jera 'yan ƙananan hotunan fim a faifansu. Hoto ko ɗaya bai taɓa ƙonewa a hannunsa ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka. Matarsa kan ce, "Da kana sauraron tarina yadda kake sauraron fankar nan, ai da tuni na warke."

Wata Laraba da hantsi yana tsugune yana ɗaure waya, sai wata tsohuwa ta shigo ɗaki na uku, inda ake nuna masu sana'ar hannu. Hoton wani maƙeri ya bayyana a bango. Ta yi turus.

"Wa ya yi wa mahaifina haka?"

Ya miƙe a firgice. "Mahaifinki, Baba?"

"Shi ne mana! Amma ubana ba bahago ba ne. Dubi guduma a hagu. Tabon ƙunar nan ma a kuncin dama yake, ni na riƙa shafa masa magani."

Mai Majigi ya buɗe baki zai ce tsufa ne ke ruɗa ta, sai wani tunani ya faɗo masa. Ya kashe injin, ya zaro hoton, ya ɗaga shi wajen hasken taga. Ga ɗan ɗigon da ke nuna gaban fim can a ɗaya ɓangaren. A juye yake. Haka wanda ya gada ya bar masa faifan, shi kuma kullum ya goge sai ya mayar yadda ya tarar.

Ya juya shi, ya mayar, ya kunna. Guduma ta koma dama. Tsohuwar ta dafe ƙirji, ta sulale kan benci.

"Yauwa," in ji ta. "Ga Baba."

Gumi ya karyo masa har tafin ƙafa. Dubban mutane sun wuce ta gaban bangon nan, malamai sun kawo ɗalibai, wani ma ya tsaya rannan yana bayani kan ƙwarewar bahagon maƙeri, shi kuwa yana gefe yana gyaɗa kai.

"Ki yafe ni, Baba," ya ce.

"Kai ka san shi ne? Tashi, ɗana."

Bai ci abincin rana ba. Ya bi injinan shida ɗaya bayan ɗaya, ya samu hotuna talatin da ɗaya a juye, har da na wata masaƙiya da na wani wanzami. Da ya kai wa shugabar gidan labari, ta riƙe haɓa, daga baya ta fashe da dariya har da hawaye. Shi ko murmushi bai yi ba.

Sati biyu bayan haka tsohuwar ta dawo da ƙannenta uku. Ya tsayar musu da faifan a kan hoton, suka zauna suna gardamar ko wace shekara rufin maƙerar ya faɗi, har lokacin rufe ƙofa ya yi.