Na Tsaya Ɗaukar Hoto Wuta Tana Tahowa

Lokacin da abin nan ya faru ina shekarar ƙarshe a jami'a, saurayi mai ji da kansa, ɗan Tanout, na farko a gidanmu da ya yi nisa a lakkwal, wato karatun boko. Sashenmu yana koyar da yadda ake shirya wa bala'i tun bai zo ba: fari, ambaliya, fara, wutar daji. Bayan damina akan tura ɗalibai ƙauyuka su yi wata biyu, su nuna wa mutane yadda ake share fili a kewaye gari don tare wuta, su kuma sa ido. An ba kowa lambar da zai kira, aka yi ta nanata mana har muka gaji da ji, cewa in ka ga hayaƙi ka fara kira, sannan ka ruga ka tada gari. Ni aka tura ni wani ƙauye arewa da Belbeji.

Wani dattijo ne ya sauke ni, manomi mai 'yan tumaki. Ina ce masa Baba, yana ce mini ɗana. Babbar 'yarsa, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ke dama mini fura kullum, ina kiranta Yaya, tana kirana ƙanena. Ban rasa komai a gidan ba. Abin da ke damuna ɗaya ne: malamin da ke duba rubutuna na kammala karatu ya ce aikin ba laifi, amma babu abin da na gani da idona a ciki. Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ranar kasuwar wani gari ce, maza duk sun tafi. Da hantsi na hau tudun bayan gari, don nan kaɗai ake samun rezo, wato inda salula ke kamawa. Sai na hango hayaƙi daga gabas, siriri, can nesa. Shekarar an yi ruwa sosai, ciyawa ta kai cinya, ta bushe ƙayau. Na ciro salula zan kira, sai na buɗe wajen ɗaukar hoto. Na ce wa kaina ai da sauran nisa. Na ɗauki wutar tana cin kwari na farko, ina bayani da Faransanci kamar mai karanta labarai. Na ɗauka tana haye na biyu. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, a lokacin daɗi nake ji, ina ganin aikina ya cika. Na daɗe a tsaye, daɗewar da za a dafa shayi a sha. Sai da iska ta taso, na ji zafi a fuskata, sannan na kira, na zubo a guje.

Mata da tsofaffi suka fito da rassan itace suna bugu. Filin da muka share ya tsare gidaje da rumbuna, amma tumakin Baba suna turke a gonarsa ta gabas suna cin kara. Kafin a riƙe shi ya shiga. Da hannu ya yi ta kwance igiyoyi suna ci da wuta, rigarsa da karangiya ta cika ta kama. Uku ya fitar, sauran suka ƙone a turke. Da motar masu taimako ta iso, babbansu ya ce da kiran ya zo da wuri da a kwari za su tare ta. Kowa ya juyo ya dube ni. Na ce rezo ne ya ƙi. Aka yarda. Mai gari har albarka ya sa mini.

Bayan kwana huɗu na je asibiti a Tanout inda aka kwantar da Baba. Ina jin kunyar rubuta wannan: da takardar tambayoyi na je. Na zauna bakin gadonsa ina tambaya dabba nawa ya rasa, me ya gani, ta ina wutar ta kama shi. Yana amsawa a hankali, har yana ba ni haƙuri bai iya ba ni hannu ba. Na ɗauki hoton hannayen. Yaya ta ce in nuna mata, na miƙa mata salular ina ci gaba da rubutu. Ta matsa baya cikin hotunan, sai muryata ta tashi daga salular. Ba ta jin Faransanci, amma ta ga hayaƙin yana siriri, ta ga ya yi kauri, ta ga wuta, duk daga wuri ɗaya, muryata ko rawa ba ta yi. Ta kalla har ƙarshe. Ta yafito ni waje, ta sa mini salular a hannu ta ce, "Ko babu rezo, ai kana da ƙafa, Malam." Ta ce ba za ta gaya wa Baba ba, ciwon da yake ji ya ishe shi, amma kada in sake taka gidansu.

Ban goge hotunan ba. Na nuna su ranar kare aikina a gaban malamai, aka tafa, na fi kowa maki. Baba kuwa yatsunsa suka manne. Bai sake riƙe hauya ba, ko alwala sai an yi masa, tuwo sai Yaya ta ba shi a baki. Duk wanda ya shigo Tanout daga ƙauyen sai ya kawo mini gaisuwarsa, wai me ya yi wa ɗansa ya manta da shi. Sau ɗaya na aika da rago, motar da ta kai shi ita ta dawo da shi. Bara Baba ya rasu bai sani ba. Ban nemi gafararsa ba, don neman gafara sai na faɗi abin da na yi, ni kuma na ji tsoro.

An koya mini duk abin da ya kamata, ban manta ko ɗaya ba ranar, zaɓa na yi. Ina roƙon malaman da ke tura ɗalibai cikin mutane su duba abin da suke yabawa, don abin da aka yaba shi yaro zai bi. Ku kuma ɗalibai, mutanen da suka sauke ku ba darasi ba ne, rayuwarsu suka ba ku amana. In kun ga hayaƙi, ku kira, ku ruga. Takardar shaidar karatuna tana nan cikin akwati, har yau ban iya rataye ta ba.