Ƙurar da Yayana Ya Kwaso a Ramin Zinariya

Shekarun baya, ina sabuwar fara koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Yantala, yayana ya dawo gida daga wurin haƙar zinariya can yamma da Yamai. Ya daɗe yana shiga rami yana fasa dutse, mu sai dai mu gan shi da salla. Wannan karon da tari ya dawo, ga yatsunsa sun kumbura sun sandare, da safe ko maɓallin riga ba ya iya sawa sai matarsa ta taimaka.

Mahaifiyata tana ganin hannun ta yanke hukunci: abokan rami ne suka yi masa jifa don ya fi su sa'a. Wace sa'a, ban sani ba, mutumin da ya dawo da jaka guda. Gwaggona ta ce sanyi ne, ta cika mana gida da saiwoyi. Maƙwabta suka ji tari suka ce tibi ne, suka hana yaransu shigowa. Ni kuma 'yar boko, na wuni ina latsa salula, na fito na sanar cewa kansa ce, ciwon daji. Kowa a gidan ya zama likita, ban da mai ciwon, wanda ya ce shi lafiyarsa lau, hutu ya zo yi.

"Yaya, don Allah mu je a duba ƙirjin nan."

"Ke, ramin da nake shiga ko leƙa shi ba ki iyawa. Tari ne zai kai ni asibiti?"

Na roƙa, na yi fushi, na daina gaishe shi, duk a banza. Abin da ya kai shi asibiti kunya ce. Ranar da kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa a gaban baƙi, washegari da kansa ya tare taksi, na bi shi.

Aka ɗauki radiyon ƙirji, wato hoton huhu, sai ga wasu ƙulle-ƙulle kewayayyu a huhunsa. Aka gwada majina ba sau ɗaya ba, babu tibi. Aka ɗebi jini. Likitar, wata 'yar Maraɗi mai sanyin magana, ta tambaye shi sana'arsa.

"Ɗan kasuwa ne ni," in ji shi.

"Kasuwar me?" na ce. "Likita, rami yake shiga! Dutse yake daka, hancinsa a buɗe!"

Ya harare ni kamar na tona masa asiri a kotu.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ƙurar dutse ta zauna masa a huhu, ga kuma ciwon gaɓɓai, irin wanda jiki ke yaƙar kansa. In biyun suka haɗu a mutum ɗaya, sukan haifar da irin waɗannan ƙulle-ƙullen. Na tambaye ta ko abin ya yi yawa cikin masu haƙa. Ta ce ƙura a huhu kam ba baƙon abu ba ce a wurinsu, amma haɗuwar biyun ba kasafai take gani ba, sai dai ita ma ba za ta rantse ba, tunda yawancinsu ba sa zuwa sai sun kasa tashi. Ta ce ƙurar ba ta fita. Za a ba shi maganin gaɓɓai, ya bar taba, kuma shi da rami har abada.

Duk wannan jawabin, abu ɗaya ya shiga kunnen yayana: ba tibi ba ne. Kumburi na ɗan sacewa ya fara haɗa kaya zai koma rami. Na zauna na maimaita masa maganar likita, har huhu na zana masa a ƙasa kamar ina aji. Na nuna masa 'ya'yansa. Ya ce na cika surutu.

Mahaifiyata tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. "Ka koma wurin waɗanda suka jefe ka? In ka taka tasha, ban yafe ba."

Shi ke nan. Ya kwance jaka. Ni da hoton huhu a hannuna na kasa, jifan da ba a yi ba ya zaunar da shi. Na rasa ko in yi hamdala ko in yi kuka don haushi.

Yanzu yana da ɗan tebur a unguwar Maourey yana sayar da kayan salula. Yatsun sun ɗan karkace, kuma in ya yi sauri sai ya tsaya ya huta. Da taba kuwa mun sha daga kafin ya bari. Bara wani abokinsa na rami ya zo yana tari, yayana ya sa shi gaba har asibiti. Aka ce ƙura ce kawai, gaɓɓansa lafiya. Yayana ya dawo yana taƙama: "Nasa na kowa da kowa ne. Nawa likita ma ta ce ba kasafai take gani ba."

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na dai koyi cewa a gidanmu gaskiya ba ta isa ita kaɗai, sai ta fito daga bakin da ake tsoro. Kuma na daina gardama da mahaifiyata a kan jifa. Duk wanda ya tambaye ta, cewa take ita ta warkar da shi, ni kuma na raka shi asibiti.