Kofin da ke Rataye a Ƙusa

Mu huɗu ne a teburin ran nan: ni, da ɗana na biyu mai aikin nas, da matarsa, da wan matar, wanda shi ya ja mu. Ta biyar ita ce mai raba giyar, wata siririyar Baturiya mai zanen tawada a dantse. Jikokina biyu an bar su gidan maƙwabta.

Shekarata ta biyu ke nan a Laurel, wani gari a ƙasar Turawa, ina rainon jikokin. Wan surukata ya ji cewa na yi shekara talatin ina dafa burkutu a ƙauyenmu na Filato, sai ya nace sai na je wata mashaya a unguwarmu inda suke dafa tasu giyar da kansu. Ban so ba. Kafin in zo ƙasar, 'yan sanda sun taɓa tsare ɗana yana tuƙi a buge, ya kusa rasa aikinsa. Matarsa ta ce masa in ya sake kai kofi baki za ta kwashe yara ta koma wurin yayarta a Baltimore. Ya rantse a gaban fasto ya daina. Kuma shi ke kai yaran makaranta kullum.

"Ni direba ne kawai, Mama," in ji shi. "Ruwa zan sha."

Da la'asar ɗin Asabar muka shiga. Wari iri ɗaya ne da na ɗakin dahuwata, tsiro da tsami, sai dai an share ƙasa. Can saman kantar da ake raba giyar na ga kofuna manya a jere, kowanne a ƙusarsa, kowanne da lamba. Ban iya karatu ba, amma wannan ba sai an karanta mini ba. Ni ma haka nake yi. Baƙo kowane ƙoƙo aka miƙa masa ya sha. Wanda yake zuwa kullum shi ake rataye wa nasa.

Mai raba giyar ta ɗago ta ga ɗana. Ta yi murmushi, hannunta ya tafi kai tsaye ga wani kofi a layi na biyu. Ɗana ya girgiza kai kaɗan, kamar mai korar ƙuda. Ta sauke hannun ta ɗauki tsumma. Matarsa tana cire rigar sanyi a lokacin, wanta yana duba waya.

Aka kawo mini ƙananan tambulan biyar a kan wani katako. Na ce a gaya wa Baturiyar ta fara kurɓa, a wurinmu mai giya ba ta miƙa abin da ba ta sa a bakinta ba. Ta yi dariya ta kurɓa.

"To, Farfesa, a ba mu sakamako," in ji wan surukata.

Ta farko ɗaci kamar maɗaci. Ta biyu an cusa mata ɓawon lemu don a ɓoye cewa ba ta nuna ba. Na ture su. Ta uku baƙa ce, mai kauri, an gasa hatsin daidai.

"Wannan mai hannu ne ya dafa," na ce.

"Ai ita ce ta fi ƙarfi a nan," in ji ɗana.

"Wa ya gaya maka?"

"A allo aka rubuta, Mama."

Na dubi wan surukata. Ya duba allon, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a kawo gyaɗa.

Sauran biyun ban san ɗanɗanonsu ba. Ina kallon ɗana ne. Yana riƙe da tambulan ɗin ruwa da hannu biyu, yana sha kaɗan-kaɗan, idonsa ba ya zuwa wajen kantar ko sau ɗaya. Na binne maza da yawa da suka iya wannan zaman, har da ubansa, kuma giyata suka sha.

A mota surukata ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ka ga? Ka iya." Ya ce, "Na gaya miki ai." Ni ina zaune a baya ina jin su. Na san in na yi magana gidan zai watse, ni ma ba ni da wurin zama a ƙasar mutane sai nan.

Washegari da safe yana wanka don zuwa coci, na ɗauki makulli na sauka wurin motarsa. Na yi ta fama da igiyoyin ƙananan kujerun da yake ɗaure yaran a ciki in zai kai su makaranta, har farcena ya tsage, na ciro su duka biyu. Na hau da su ɗaya bayan ɗaya na ajiye a kicin, inda surukata ke soya ƙwai. Ta dubi kujerun, ta dube ni.

"'Yata," na ce, "kashe wutar nan ki zauna."