Tsumman da Ya Kori Baba Daga Aiki

"...na ce ku fito ku gani da idonku! Ke Mai Ɗinki, bar keken nan! Ina masu wanki? Yau dai ƙarya ta ƙare!"

Yaya ce ke kwarara ihu a tsakar gidan haya, mayafi ya zame, takalmi ƙafa ɗaya. Ta ɗaga wata leda sama kamar wadda ta tsinci zinare. Mata suka bar layin famfo suka yanyame ta. Abin da ke cikin ledar tsumma ne, baƙi wuluk, ya sha baƙin mai har ya yi kauri kamar kwalta.

"Yaya, a kan wannan kika tara mu?" in ji Mai Ɗinki, maƙwabciyarsu tun suna yara. "Ina da irinsa buhu guda, in saye kike."

"Yi dariyarki. Wannan tsumman shi ya fitar da ni daga makaranta."

Ba ƙarya ta yi ba. Babansu Yaya direba ne a gidan wani attajiri, shekara goma sha huɗu yana jan wata baƙar mota mai dogon hanci da fitilu kamar idon bijimi. Kullum da safe, kafin ya sa komai a baki, sai ya buɗe gaban motar, ya zaro tsinken auna mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya fi sanin zazzaɓin motar nan da na 'ya'yansa.

Wata rana, kwana biyu bayan bakaniken gidan ya wanke mata ciki ya zuba sabon mai, injin ya buga a tsakiyar titi, mai gida na zaune a baya da baƙinsa. Aka jawo ta gida da igiya. Aka ce Baba ya jira a bakin ƙofa. Bakanike ya shiga shi kaɗai, ya fito, ya ce ko ɗigon mai babu a ciki, direba ya zuƙe ya sayar. Baba ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe. Wa ke sauraron direba? Mai gida ya karɓi makulli, ya sa aka lulluɓe motar da tamfol, ya sayi sabuwa.

Daga ranar sunansa ya koma Sha-Mai. Ko amalanke ba wanda ya ƙara damƙa masa, sai dako a kasuwa. Yaya na aji shida, da ƙyar ta kai ƙarshen shekara, ta shiga wanke-wanke a gidajen mutane. Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, kuma har a gadon asibiti abin da yake faɗa ke nan: "Na duba man nan da safe."

Auta, ƙanen Yaya, shekararsa huɗu lokacin da abin ya faru. Da wannan magana ya tashi a kunne, shi ya sa da ya girma bai nemi wata sana'a ba sai kanikanci. Kuma ba ruwansa da sababbin motoci. Nasa tsofaffi ne, waɗanda kaji suka gama ƙwai a cikinsu. Yakan ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. Ya shinshina hayaƙi. Ya kwance fulogi ya duba: in ya yi baƙin toka, fetur ya yi yawa, in ya yi fari fat, zafi ne, in ya jiƙe da mai, to cikin injin ya cinye. Har aka sa masa Kunne. Masu duba mota da kwamfuta kuwa likitan gawa suke ce masa.

Halinsa ɗaya ke korar masa mutane. Mai mota zai zo yana huci, "Direban nan ne ya kashe min ita, ko?" Sai Auta ya ce, "Ban buɗe ba tukuna, ranka ya daɗe." Ko za a kwana ana tambaya, amsar ke nan. Da yawa sun ja motarsu sun kai inda za a faɗa musu abin da suke son ji. Har yau garejinsa rumfar kwano ce da benci ɗaya.

Makon jiya sai ga ɗan attajirin nan, wanda ya gaji gidan, ya sa an jawo baƙar mota, yana so a tashe ta don tunawa da mahaifinsa. An ce masa Kunne kaɗai zai iya. Bai san ɗan wa ya kawo wa ba. Auta ya aika aka kira Yaya. Tana ganin hannun ƙofar direba ɗaure da wayar da Baba ya naɗa, sai ta zauna a ƙasa daɓas.

Injin da ya buga ba shi da muryar da za a saurara. Auta ya zaro tsinken auna mai. Mai har kan alama, bayan shekara talatin da ɗaya. Yau da safe ya kwanta a ƙasa ya kwance kwanon da mai ke taruwa a ciki, sai ga tsumma ya nannaɗe rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta.

"Yaya, mai na nan," ya ce. "Hanya ce ta toshe. Ƙishi ya kashe ta a bakin rijiya."

Da aka nuna wa ɗan attajiri sai ya ɓata rai, ya ce tsohon bakanikensu na da rai, zai je ya tambaye shi da kansa. Yaya ba ta jira ba, ta fizgi tsumma ta yo gida.

"To, Yaya, mun ji," in ji Mai Ɗinki, tana kallon farcenta. "Amma tsumma ba shi da baki. Wa ya sani ko Auta ne ya cusa shi jiya?"

"Ke! Ke da kika riƙa bi na kina tafi kina 'yar Sha-Mai, har yau bakinki bai mutu ba?"

"Yarinta ce. Ni dai gaskiya na faɗa."

Wasu suka fara komawa bakin famfo. Yaya ta ji hannunta ya yi nauyi, ta sauke ledar.

Ana haka Auta ya shigo da kayan aiki a jikinsa, waya na ruri a hannunsa. Ya danna yadda kowa zai ji.

"Kunne, ga ni gaban tsoho," in ji ɗan attajiri. "Yi magana, tsoho."

Muryar tsohon bakaniken ta fito tana rawa. "Shuɗi ne, ko? Hannun tsohuwar rigata ne. Da shi na goge kwanon. Ranar da aka jawo motar, ina zaro tsinke na ga mai cike, na san inda tsummana ya shiga. 'Ya'ya bakwai gare ni lokacin, me zan ce? Direban yana nan? A ce masa ya yi haƙuri."

"Ya rasu," in ji Auta.

"Allah sarki. To, ai shi ke nan."

"Ka dai ji, Kunne," in ji ɗan attajiri. "Abin da ya wuce ya wuce. Yaushe motar za ta tashi?"

Yaya ta warce wayar daga hannun Auta, hawaye na zuba, baki har kunne, ta ɗaga ta sama saitin Mai Ɗinki.

"Tsoho, kar ka kashe! Sake faɗa da ƙarfi, akwai masu wanki can baya da ba su ji ba."