Kawu Orval, Mai Feshin da Ya Ƙi Fesa Bakin Rafi

Kowace safiya, kafin Kawu Orval Lindqvist ya tayar da motar feshinsa, sai ya tsaya a ƙofar gida da kofin gahawa a hannu, ya duba inda iska ta dosa. In ta nufi Rafin Kettle, to ranar babu feshi, ko da mai gona zai yi kuka da hawaye. A haka ya tsufa yana fesa maganin ƙwari a lambunan tuffa na yankinmu, nan jihar Washington. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

A rafin nan kifin salmon ke ƙyanƙyashewa, ya gangara teku ya girma, sannan ya dawo ya yi ƙwai inda aka haife shi. Muna yara, da kaka ruwan kan yi ja saboda yawan jajayen kifayen. Sannu a hankali suka ragu, har aka shiga shekarun da ba a ganin ko ɗaya. Wata bazara bayan ruwan sama, Kawu ya tarar da 'yan ƙananan kifaye birjik a gaɓa, matattu, ciki a sama, daidai ƙasan gonar da aka yi wa feshi. Matarsa Bernice ta ce ranar bai iya cin abinci ba.

Ba a daɗe ba Dwight Petrak, wanda lambunsa ya fi kowanne kusa da ruwa, ya kira shi saboda tsutsa ta shiga tuffarsa. Kawu ya fesa ko'ina, ya bar layukan bakin rafi.

"Wai ni na ɗauke ka aiki ko kifi?" in ji Dwight.

"Kai ne, maƙwabci. Amma kai kana da baki, su ba su da shi."

Dwight ya kore shi. Washegari sai ga Kawu ya dawo da tarin kwalaye, yana naɗe gindin bishiyoyin da bai fesa ba da su, don tsutsa ta ɓuya a ciki a kwashe ta a ƙona. Duk wanda ya wuce ta hanyar ya gan shi durƙushe, ga shi da ciwon gwiwa. Tuffar ta tsira, ko da yake ba duka ba. Dwight bai ba shi haƙuri ba, amma da shekara ta zagayo shi ya sayo kwalayen. Daga nan sauran manoma suka bi sahu, aka kuma dasa itatuwa a gaɓa don ruwan ya riƙa sanyi.

Jiran dawowar kifin ya yi tsawo, wasu har sun fitar da rai. Sai bara da kaka, Goggo Verna, dattijuwar da kakanninta suka rayu da kifin nan tun kafin a yi gonaki, ta hango jajayen bayansu a ƙarƙashin gada. Ta aika a kira Kawu. Da ya iso, ya cire hula ya zauna a kan dutse, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ba su da yawa, amma sun dawo.

Kawu, kai ne ka san ƙarfin abin da ke cikin tankinka, ka kuma ji tsoronsa a madadinmu. Mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sassauta maka gwiwar nan.

Ku kuma matasan da za ku gaji aikinsa, in kun zo layin ƙarshe kafin ruwa, ku kashe injin.