Allura Tana Sauka

Mutumin yana tsaye a garejin Oddvar, inda nake jiran a ɗaura mini tayoyin ƙanƙara. Dogo ne mai furfura, kuma bai cire safar hannu ba duk da ɗumin wurin.

Oddvar bakanike ya jona agogon awon matsin mai a injin motar da mutumin ya kawo. Ya tayar, ya kashe, ya harɗe hannu. Haka agogon yake aiki: in lafiya, allura takan tsaya cak, in kuwa akwai yoyo sai ta yi ta sauka. Tana sauka.

"Maigida, ba famfon mai ba ne," in ji Oddvar. "Tiyo ne ya tsage, fetur na ɗiga dab da salansa. Sa'a ce ta kawo ka nan da rai."

Duk wanda na sani, da baya zai ja. Shi kuwa mutumin matsowa yake, yana leƙa wurin kamar mai son haddace shi.

"Tafiyar minti nawa za ta yi kafin ta kama da wuta?"

Oddvar ya yi dariya. "Kifi za ka gasa ne?"

"Motar matata ce," ya amsa a hankali. "Kullum da safe sai ta bi ta dogon ramin nan da ya ratsa dutse zuwa aiki."

Wataƙila tsoro ne ya daskarar masa da fuska. Ina so in yarda da haka. Amma ga shi yana miƙa hannu.

"Cire agogonka, ka ba ni makullin. Zan yi shawara."