Ƙwan Kazar Inna

A gidanmu na Karaye ba a cin ƙwan kaza. Na zabi ake ci, shi ma sai damina ta kankama an kawo shi daga ƙauye. Na kaza kuwa iri ne, barinsa ake yi ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe.

A shekarata ta biyu a jami'a, farkon shekarun casa'in, annoba ta shiga kajin mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta kwashe su ƙarƙaf. Ƙanwarta da ke aure a Zoza ce ta aiko mata da kaza guda, wake-wake, don ta sake kafa iri. Duk tsawon bazara kazar ba ta yi ƙwai ba, domin zafi yakan hana su, sai dai ta raɓe gindin randa tana haki. Da ruwan farko ya sauka, ciyawa ta tsiro, shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, sai ta fara saka ƙwai. Kullum da safe Inna takan leƙa akurki, ta dawo tana murmushi ita kaɗai.

A wannan lokaci na zo hutu. Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma zama hira da ni. In tana da magana, ƙanwata take gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Wata rana da la'asar ina ba ƙanwar tawa labarin birni, har na kawo zancen kek da na ci a gidan wani abokina, na ce ban taɓa ɗanɗana abu mai laushinsa ba. Ƙanwata ta ce ai an koya musu a makaranta, ƙwai ne kawai babu. Inna tana gefe tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

Bayan kwana biyu na dawo daga Rogo na tarar da ƙamshi tun daga zaure. Ƙanwata ta zuba rairayi a tukunya, ta jera gwangwanayen madara cike da kwaɓin fulawa, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. A bayan murhu ga ɓawon ƙwai a tare.

Na tambaye ta inda ta samo ƙwan. Ta nuna ɗakin Inna da haɓa.

"Cewa ta yi, a yi wa wancan abin da ya ce. Ci mana, Yaya, ko sai an kawo maka cokali irin na birni?"

Ƙasan kek ɗin ya ƙone, tsakiyarsa bai gama nuna ba. Na cinye nawa duka, ina jin kazar tana kewaya akurki tana kuka.

Lokacin kwancinta ya riga ya yi, don haka ta shiga ta kwanta a kan ƙasa tsura. Aka kore ta, ta koma. Aka tsoma ta a ruwa, ta bushe ta koma. Haka ta yi ta ramewa har damina ta raba. Da ta sake yin ƙwai, ba ta ƙyanƙyashe ba sai gab da kaka, kuma 'yan tsakin ba su yi ƙwari ba sanyi ya shigo da cutarsa. Ƙanwata ce ta gaya mini, da na dawo hutu na gaba, cewa duk sun mutu, har uwar ta tafi.

Na so in yi wa Inna magana a kai, amma babu ƙofar da zan bi. Na durƙusa na gaishe ta daga bakin ɗaki, ta amsa a taƙaice kamar kullum. A tsakar gida an kife akurkin an ɗora masa turmi. Ina tashi na ji tana ce wa ƙanwata, a hankali, ta tambaye ni ko wancan abin ya kai na birnin daɗi.

Na ce ya fi.